RANAR DA MAI KWALEKWALE YA ƘI ƊAUKAR MU

 Yau zan ba ku labarin wata rana da na yi fushi da wani dattijo, kafin rana ta faɗi kuma na dawo ina yi masa godiya har da durƙuso. Labarin na tsuntsaye ne da ruwa da hadari, amma idan kun daure kun karanta har ƙarshe za ku ga ya shafi kowace uwa mai 'ya'yan da ke zuwa bakin ruwa, da kowace mace da ta taɓa shiga jirgi za ta biki ko Maulidi.

Maganar daga cikin aji ta taso. A zangon karatu na uku na 2023 ina koya wa 'yan aji shida darasin dabbobin ruwa, sai muka iso shafin da aka zana wata ƙatuwar dabbar teku, ga wani ɗan jirgi a gefenta kamar ƙwarya a gindin rumbu, mutane a ciki sun miƙa wuya suna kallo. Aji ya kaure da mamaki. Wata yarinya mai yawan tambaya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ke kin taɓa ganinta?" Na ce ban taɓa ba, ko tekun ma ban taɓa gani ba. Sai ta ce, "To, mu nan me za mu kalla?" Aka kaɗa ƙararrawa aka tashi, amma tambayar nan ta bi ni har gida.

DABBAR DA AKE BIYAN KUƊI A KALLA

Bari in fara gaya muku abin da na gaya wa yaran game da dabbar nan. Turawan Ingila suna kiranta wel. Mutanenmu kan ce mata babban kifi, alhali kuwa ba kifi ba ce. Iska take shaƙa ta wata kafa a bisa kanta, haihuwa take yi, kuma nono take ba ɗanta, watau dai kamar ayun da ke kogin Binuwai da Kwara. Mafi girmansu, shuɗiya, takan kai tsawon mita 30, kamar a jera ajujuwa uku, kuma babu dabbar da ta kai ta girma a ƙasa ko a ruwa.

Wadda aka fi fita kallo ita ce mai doro, mai tsawon kamar mita 15 da nauyin wajen tan 30. Tana kiwo a teku mai ƙanƙara can ƙarshen kudancin duniya, sa'an nan daga watan Yuli zuwa Oktoba ta hauro ruwa mai ɗumi na gaɓar Gabon da Binin da Nijeriya don ta haihu. Cikinta wata 11 ne ko ɗan fiye, ɗan da take haifa kuwa ya kai mita 4. Abin da zai ba uwaye tausayi shi ne, duk watannin da take wannan ruwa mai ɗumi tana shayarwa ba ta cin wani abin kirki, kitsen jikinta take ƙonawa har ta koma kudu da ɗanta.

A dā farautarsu ake yi saboda mansu, har wasu iri suka kusa ƙarewa, kana ƙasashen duniya suka tsayar da farautar kasuwanci daga 1986. Sana'ar kai mutane kallonsu kuwa ta fara ne a San Diyego ta Amurka a 1955, inda ake biyan dala 1. Ya zuwa 2008 an ƙiyasta mutum miliyan 13 ne suka fita irin wannan kallo cikin shekara guda a ƙasashe da yankuna 119. Ko a Kwatano, nan maƙwabtanmu, an sha fita da masu kallo cikin jirgi a lokacin zuwansu.

MU MA MUNA DA NAMU

To, mu mutanen Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura Allah bai ba mu teku ba, amma bai bar mu hannu biyu ba. Ga dam a gefen garin Kazaure, ga Kogin Gari, ga fadamu da tafkuna da kududdufai da ke cika da damina, tun daga gindin duwatsun Roni har yashin Babura kusa da iyakar Nijar. Manyan madatsun ruwan wannan yanki sun samo asali ne daga shirin Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe tsohuwar Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, tun kafin a cire Jigawa a 1991. Don noman rani da ruwan sha aka yi su, amma tsuntsaye ba su jira gayyata ba.

Saboda haka na ƙudura in kai yaran su ga tsuntsayen ruwanmu da idonsu, tun da gani ya kori ji. Na nemi izinin hedimasta, na bi gida gida na nemi na iyaye, aka ba ni 'yammata 12. Wata malama da ta girme ni ta yarda ta raka mu. Na aro madubin hangen nesa guda ɗaya. Ranar Alhamis na je bakin dam na sami wani dattijon masunci, muka shirya zai riƙa ɗaukar yaran huɗu huɗu a kwalekwalensa zuwa wata kusurwa mai ciyawa da bado inda tsuntsaye ke taruwa. Muka tsayar da Asabar bayan azahar. A watan Yuni ne, an yi shuka, gero ya fara tsaga ƙasa.

Mun isa wajen ƙarfe uku da rabi. Rana tana bisa, ga zafi mai nauyi, ko ganye ba ya motsi, ruwan kuwa ya kwanta lumui kamar an shimfiɗa tabarma. Na ce a raina lalle mun dace da rana. Amma sai na tarar dattijon ya jawo kwalekwalensa kan tudu ya kife, yana zaune yana ɗinkin koma.

Na ce, "Baba, sannu da aiki. Ga mu mun iso."

Ya ce, "Sannunku da zuwa, Malama. Sannunku jikokina. Amma yau kam ba shiga ruwa."

Na ce, "Haba Baba, ai tun Alhamis muka yi magana. Ga yara sun baro gida, mun biya kuɗin mota. In kuɗin ne bai yi ba sai a ƙara."

Ya ajiye komar ya dube ni ya ce, "Malama, ko saniya za ki ba ni, ba zan ɗora 'ya'yan mutane a kan ruwan nan yau ba. Dubi gabas."

Na duba. Ban ga kome ba sai wani ɗan baƙin layi can bayan duwatsu, wanda bai kai faɗin tafin hannu ba.

Ya ce, "Tun azahar iska ta ɗauke. Dubi tsattsewa, sun sauko suna shafar ruwa. Dubi can, kirinjijiya ta bar tsakiya ta shige ciyawa. Kuma ki duba da kyau, kin ga masunci ko ɗaya a tsakiyar ruwan?"

Babu ko ɗaya. Amma gaskiya ita ce, ban ji maganarsa ba. Abin da ke raina shi ne kunyar komawa in ce wa hedimasta da iyaye mun je mun dawo ba mu ga kome ba. Ana haka sai ga wani saurayi ya matso, ya ce shi zai kwashe mu gaba ɗaya, mu 14, a sahu guda, kuma a rabin kuɗin. Ya ce kafin hadarin ya iso mun je mun dawo. Yara suka ɗau tsalle suna cewa, "Malama, mu shiga! Malama, don Allah!" 'Yan'uwa, ba zan ɓoye muku ba, har na sa hannu cikin jaka.

Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya dubi saurayin ya ce, "Kai yaro, ka ji tsoron Allah." Abokiyar aikina kuma ta riƙe mini hannu ta ce a hankali, "Ƙanwata, amanar mutane ce fa a hannunmu." Na mayar da kuɗin cikin jaka ina ƙunƙuni. Yara suka ɓata rai, wata har da hawaye.

HADARI YA TASO

Ba a yi minti 40 ba, baƙin layin nan ya zama bango ya rufe rabin sama. Sai wata iska mai sanyi ta bugo mu, jar ƙura na biye da ita. Ruwan da ya kwanta kamar tabarma ya rikiɗe ya yi toka toka, igiyoyi suka tashi da farin kumfa a bakinsu suna dukan gaɓa. Yaran suka ruga za su fake gindin wata bishiya, dattijon ya daka musu tsawa ya kora mu duka cikin wani ɗaki da masunta ke ajiye kayansu. Daga bakin ƙofa muna kallon kwalekwalen saurayin nan, wanda ya ɗaure a bakin ruwa. Igiya ta ɗaga shi ta maka, ta sake ɗagawa ta maka, kafin a jima ya cika da ruwa, bakinsa kaɗai ake gani. Babu kowa a cikinsa ke nan fa. Na ƙirga yaran da ido, ɗaya, biyu, har 12, sai na ji ƙafafuna sun kasa ɗaukata, na zauna a kan wani buhu. A cikinsu duka babu wadda ta iya iyo. Ni ma ban iya ba.

Amma ku ji ikon Allah. Kallon da muka zo yi, wanda na zaci ya wuce mu, a bakin ƙofar nan muka yi shi, kuma ya fi wanda za mu yi a cikin kwalekwale. Garken balbela ya taso daga hayi, farare fat a gaban baƙin hadari, iska tana watsa su kamar takardu, suna sake haɗuwa suna kutsawa ƙasa ƙasa. Shamuwa fiye da 20 suka sauka a wata gona kusa da mu, kowacce ta juya ƙirjinta wajen iska ta noƙe wuya, ba wadda ta ba iska baya. Dattijon ya ce da za ta juya baya, da iska ta shiga ƙarƙashin gashinta ta birkita ta. Ya ce haka mai jirgi ma yake yi idan iska ta rutsa shi, goshin jirgi yake ba igiya, ba ya ba ta gefe. Dinya biyu suka wuce dab da ruwa da ƙarfin fiffike, kamar iskar ba da su take ba. Zalɓe kuwa yana tsaye a lungun ciyawa ko gezau.

Da ruwa ya ɗauke, gari ya yi sanyi, sai shinge ya fito daga ƙasa kamar hayaƙi. Nan fa biki ya tashi. Shirwa tana cafka a sama da ƙafa, tsattsewa tana yankawa, shamuwa tana bi a ƙasa tana tsinta. Kirinjijiya ta fito daga ciyawa da farar fuskarta tana fito sau uku uku. Muka ga wata 'yar tsuntsuwa mai dogayen yatsu tana tafiya a kan ganyen bado ba ta nutsewa. Madubin nan ɗaya ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu. Kafin mu hau mota yaran sun rubuta iri 11 a littattafansu.

BAƘIN DA KE ZUWA MANA

Da muka koma aji muka bi su ɗaya ɗaya, sai ga shi tsuntsayen da muka raina matafiya ne na gaske. Shamuwa, wadda kakanninmu suka ce idan ta iso damina ta kusa, ba ta wuce nauyin kilo ɗaya da 'yan kai ba. A nan ƙasashenmu take sheƙa a kan kuka da tsamiya cikin gari, ta yi ƙwai biyu ko uku, ta ciyar da 'ya'yanta da fara da tsutsa da kwaɗi. Idan kaka ta yi sai ta bi ruwan sama ta ƙetare tsakiyar Afirka zuwa Tanzaniya da Zambiya da Zimbabuwe, inda damina ke farawa sa'ad da tamu ta ƙare. Watau ita ba ta san rani ba. Kuma duk farar da ta ci, geronmu ta tsare, don haka uwar da ta hana ɗanta harbin shamuwa da danƙo ta taimaki rumbun mijinta.

Balbelar da ke bin shanun Fulani kuwa, ita ce ta yi abin da ba a zata ba. Asalinta Afirka da kudancin Turai da Asiya, amma ta ƙetare Tekun Atilantika da fiffikenta. An gan ta a arewacin Amurka ta Kudu a 1877, ya zuwa 1953 har ta fara sheƙa a Fulorida. Dinya ita ce mafi girman agwagin daji na Afirka, tana da ƙaho mai tsini a gwiwar fiffikenta. Gauraka kuwa, mai tukku kamar zinariya, wanda iyayenmu suka saba gani a fadamu, ya yi wuyar gani a Nijeriya saboda kamu da kuma ƙarewar fadamun.

Da hunturu kuma wasu baƙin ke zuwa, agwagi da 'yan tsuntsayen bakin ruwa daga Turai da Rasha, masu ƙetare Hamadar Sahara don gudun sanyin ƙasarsu. Babban masaukinsu yana cikin jiharmu da maƙwabciyarta Yobe, watau dausayin Haɗejiya da Nguru, inda aka ƙirga tsuntsaye fiye da iri 300. Yarima Filip, mijin marigayiya Sarauniyar Ingila, ya ziyarci Dagona a 1989 saboda tsuntsayen nan, kuma a 2008 aka sa dausayin Baturiya na Ƙaramar Hukumar Kiri Kasamma cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya. Mutum ya taso daga Ingila ya zo kallon abin da ke bayan gidanmu, mu kuwa muna tambaya me za mu kalla!

MASU TEKU MA HAKA SUKE YI

Daga baya da na ƙara karatu a kan masu kallon wel, sai na ga dokar dattijon nan ita ce dokarsu. Maganar shugaban jirgi ita ce ta ƙarshe. Idan ya ga iska ta tashi sai ya soke tafiya, ko da mutane sun taso daga wata ƙasa sun biya kuɗinsu. Duk da irin kayan aikinsu ma ruwa bai bar su ba. A watan Oktoba na 2015, kusa da garin Tofino na Kanada, wata babbar igiya ta kife jirgin masu kallon wel mai ɗauke da mutum 27, shida suka rasu.

Masu sha'awar tsuntsayen teku kuwa, ranar iska ita ce ranar sallarsu, domin iska mai ƙarfi takan turo tsuntsayen da ke rayuwa can tsakiyar teku zuwa kusa da gaɓa. Amma ba jirgi suke shiga ba. Kan tudu suke hawa su rakuɓe a bayan dutse da madubinsu, daidai yadda muka yi a bakin ƙofar ɗakin masunta. Cikin abin da sukan gani har da wata farar tsuntsuwa mai nauyin giram 100 kacal, wadda ke tashi daga ƙarshen arewacin duniya zuwa ƙarshen kudu ta dawo, tafiyar wajen kilomita 70,000 a shekara, wasunsu ta gaɓar Afirka ta Yamma suke bi. A garin Hamanus na Afirka ta Kudu ma daga kan duwatsun gaɓa mutane ke kallon wel da 'ya'yanta, ƙafarsu a ƙasa.

KADA MU MANTA DA ƁAGWAI

Abin da ya sa jikina ya mutu a ranar nan shi ne tunawa da Ɓagwai, wadda ba ta da nisa da mu. Ranar Talata 30 ga Nuwamba 2021, jirgi ya taso daga ƙauyen Badau zai ƙetare dam ɗin Watari zuwa Ɓagwai, cike da ɗaliban Islamiyya masu zuwa Maulidi. Ya kife, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara. Ba hadari aka yi ba ranar, lodi ne ya fi ƙarfin jirgin, kamar yadda hukumomi suka bayyana. A watan Yuni na 2023 kuma, watan da muka je dam, fiye da mutum 100 suka rasu a Kogin Kwara wajen Pategi suna dawowa daga biki. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri.

Ku lura, 'yan'uwa, su wa ke cika jiragen biki da na Maulidi da na kasuwa? Mu ne da 'ya'yanmu. Mu ne ba a koya wa iyo ba, mu ne masu zani da hijabi da ke nauyi idan sun jiƙe, mu ne masu goyo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 300,000 ne ruwa ya ci a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Ajali in ya zo ba makawa, amma an umurce mu da mu ɗaure raƙuminmu kana mu yi tawakkali.

ABIN DA YA KAMATA MU RIƘE

Na farko, hadarin ƙasarmu daga gabas yake tasowa, yawanci da la'asar ko da dare, kuma iska tana riga ruwa isowa. Yana gudu fiye da kowane kwalekwale. Kwanciyar ruwa da ɗaukewar iska a ranar zafi cikin damina ba alamar lafiya ba ce. Idan gabas ta yi baƙi, a haƙura.

Na biyu, idan kin ga walƙiya ki ƙirga har ki ji tsawa. Kowane daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ke nan tsakaninki da ita. Amma muddin kunnenki ya ji tsawa, to, tana iya kaiwa gare ki. A fita daga ruwa, a bar wanki, kada a fake gindin bishiya, a shiga ɗaki ko mota, kuma a jira rabin sa'a bayan tsawar ƙarshe kafin a koma.

Na uku, ki dubi gefen jirgi kafin ki shiga. Idan ruwa ya kusa bakinsa, ki ce kin fasa, ki jira sahu na biyu ko ki zagaya ta mota. Kada kunyar dangin miji ko gorin ƙawaye ya sa ki shiga. Gara a ce kin makara ɗaurin aure da a zo gidanku zaman makoki.

Na huɗu, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sa rigar kariya, wadda ke hana mutum nutsewa. Ki tambaye ta. Ƙungiyoyin mata da na iyayen yara a garuruwan da ke bakin ruwa suna iya yin karo karo su saya su ajiye wurin Sarkin Ruwa, kamar yadda muke tara kuɗin tukwanen biki.

Na biyar, a cikin jirgi a zauna a ƙasa, kada a miƙe, kada kowa ya ruga gefe guda don kallon wani abu. Mai goyo ta sauke ɗanta ta riƙe shi a gaba.

Na shida, idan wani ya faɗa ruwa, wadda ba ta iya iyo ba kada ta bi shi, domin sai a rasa biyu. Ta yi kururuwa, ta miƙa masa doguwar sanda ko igiya ko bakin zani tana kwance a gaɓa, ko ta jefa masa gora ko jarkar da babu kome a ciki an rufe bakinta. Masunta tun kaka da kakanni da gora suke yawo a kan ruwa.

Na bakwai, ku 'yammata, kada ku je bakin dam ko kududdufi ku kaɗai, kuma kada a bar muku ƙanne ƙanana ku tafi da su wanki. Kududdufin da aka haƙi ƙasar gini bakinsa kan rufta, zurfinsa kuma ba ya nunawa.

Ban faɗi duk wannan don in raba ku da bakin ruwa ba. A'a, ku je, ku kai 'ya'yanku tare da iyayensu maza, da sassafe ko da yamma a ranar da gari ya yi garau. Ku tsaya a gaɓa ku yi shiru, ku sa yara su rubuta abin da suka gani da ranar da suka gan shi. Ku sa su lura da ranar da shamuwa ta fara sauka a unguwarku kowace shekara, su gwada da ranar ruwan fari. Wannan ilmi ne da ba ya cin ko kwabo. Mai son shiga jirgi kuwa ta bari sai hunturu, sa'ad da baƙin Turai suka iso kuma babu hadari, ta zaɓi safiyar da iska ba ta tashi ba, ta nemi dattijon da ya san ruwan, ta kuma ji maganarsa.

Kafin mu bar bakin dam ranar nan na durƙusa na ba dattijon haƙuri, na miƙa masa kuɗin da muka shirya. Ya ƙi karɓa, ya ce bai yi aikin ba. Na ce, "Baba, wallahi ka yi, ka mayar wa mata 12 da 'ya'yansu." Da ƙyar ya karɓi rabi, ya ce in saya wa jikokinsa ƙosai da sauran. Yarinyar nan mai yawan tambaya kuwa, ranar Litinin ta kawo mini littafinta, ta zana shamuwa tsaye ta ba iska ƙirji, a ƙasa ta rubuta kwanan wata da sunan wurin, kamar yadda na koya musu.

Allah Ya tsare mu da zuriyarmu daga sharrin ruwa da iska, Ya ba mu damina mai albarka. Sai mun sake saduwa a wannan fili. Wassalam.